Sikelin da ke bakin ƙofar asibitin tarin fuka

A kusan kowace cibiyar shan maganin tarin fuka, kafin a miƙa wa mara lafiya ko ƙwaya ɗaya, sai an ce masa ya cire takalmi ya hau sikeli. Za ka ga magidanci ya hau yana riƙe da wando, saboda ko sabon ramin da ya huda wa bel ɗinsa da ƙusa ya daina riƙewa, agogon hannunsa kuma ya zame har ya kusa gwiwar hannu. Ma'aikaciyar jinya ta duba, ta rubuta 46 a kati. Ɗan rakiya bai ko kalli lambar ba, shi dai a ba su magani su kama hanya. Alhali lambar nan tana cikin abubuwan da suka fi nuna ko mutumin zai tashi.

Yadda likitoci ke auna rama ba shi da wuya. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sai a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Idan sakamakon bai kai 18.5 ba, nauyin ya gaza. Idan ya faɗi ƙasa da 16, ramar ta yi tsanani. Mai tsawon mita 1.70 yana shiga rukunin farko da zarar ya sauko ƙasa da kilo 53 da rabi, na biyu kuwa a wajen kilo 46. Akwai siriri na halitta mai ƙarfinsa, wannan daban. Abin tsoro shi ne jikin da ke zubewa.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, amma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai ciwon ke kwantar da su a tsawon rayuwarsu. Sauran kuwa, garkuwar jikinsu ce ke tsare ƙwayar. Garkuwar nan kuwa da abinci ake gina ta, musamman mai gina jiki irin su wake, ƙwai, kifi da nono. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙarancin abinci a sahun gaba na abubuwan da ke jawo cutar. Idan kuma ciwon ya kama, sai ya kashe sha'awar abinci, zazzaɓi da gumin dare su ci gaba da cinye tsoka. Rama ta buɗe wa ciwo ƙofa, ciwo ya ƙara rama.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen magani. Wata shida ake yi ana sha: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, sannan wata huɗu da guda biyu. Uku daga cikin huɗun nan suna iya taɓa hanta, kuma wanda ya rame ya fi shiga wannan haɗarin. Sai ka ga ido ya yi ɗorawa, ga amai, ga kasala. A gida a ce shawara ce, ko kuma maganin asibiti ya yi masa ƙarfi, a ajiye ƙwayoyi a koma jiƙe-jiƙe. Wanda ya ga haka asibiti ya kamata ya koma ranar nan, domin hantar ce ke neman agaji, kuma yanke magani da ka yana iya haifar da tarin da ba ya jin magani. Yawan ƙwayoyin da ake ba mutum ma da nauyinsa ake lissafa shi, don haka idan ya ƙara kilo ana iya ƙara masa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma magani ma yana bukatar jikin da zai ɗauke shi.

An gwada amfanin abinci ga masu tarin fuka a jihar Jharkhand ta Indiya, a wani bincike mai suna RATIONS da likitoci Anurag Bhargava da Madhavi Bhargava suka jagoranta, aka buga sakamakonsa a 2023. Masu tarin fuka 2,800 aka bi, kusan rabinsu ma'auninsu bai kai 16 ba, aka riƙa ba su kayan abinci duk wata. Waɗanda suka ƙara kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu a wata biyu na farko, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kimanin kashi 60. Ga mai kilo 46, wannan kilo biyu ne da ɗan kai.

Masu binciken sun kuma duba mutanen gida, su fiye da 10,000. A wasu gidajen an ba kowane mutum shinkafa kilo 5 da wake kilo ɗaya da rabi a wata, da ƙwayoyin ƙarin sinadarai. A waɗannan gidajen sababbin masu kamuwa da ciwon sun ragu da kashi 39, tarin huhu da gwaji ya tabbatar kuwa da kashi 48.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma wannan abin yabo ne. Amma magidancin da ciwo ya raba da kasuwa ko gona wata da watanni, wa zai auno masa tiyar wake? Indiya ta fara biyan masu jinyar kuɗin abinci duk wata tun 2018. A ganina lokaci ya yi da jihohinmu da masu fitar da zakka za su ɗauki buhun hatsi da wake a matsayin ɓangare na jinyar nan.

Kafin nan, abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne: awara, ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon zogale, kunun gyaɗa, ɗanwake, dafaffen ƙwai, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana tunda cikin ba ya karɓar da yawa. Sannan a lura da uwargida. Ita ce ke zuba wa maigida mai kyau, ta raba wa yara saura, ta kankare ƙanzo ta ci, kuma ita ce ke kwana ɗaki ɗaya da mai tari. Ranar komawa asibiti, a tambayi ma'aikaciya kilo nawa ya ƙaru daga wancan watan, sannan a roƙe ta ita ma uwargidan ta hau sikelin.