Tango: Rawar da Ake Fara Koyo da Tafiya

Wanda ya san tango ta talabijin kawai, inda mace ke cilla ƙafa sama namiji yana juya ta, ta dandamali ya gani, wadda ake shirya wa 'yan kallo. Ta mutanen gari daban take.

A ƙarshen ƙarni na 19 ta samo asali, a unguwannin talakawan Buenos Aires ta Ajantina da Montevideo ta Yurugwai. Can kiɗan candombe na jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ya cakuɗu da habanera ta Kyuba da waƙoƙin baƙin da suka zo ci-rani daga Italiya da Sifaniya. UNESCO ta sa tango cikin al'adun gado na duniya a 2009.

A ganina, faɗin fili ne ya fi raba salon-salonta. A zaurukan tsakiyar birnin Buenos Aires, inda ba masaka tsinke, aka sami milonguero: ƙirji manne da ƙirji, taku gajere, ba a ɗaga ƙafa don kada a shuri maƙwabci. A unguwanni irin su Villa Urquiza kuwa fili wadatacce ne, sai salon ya zo da dogon taku cikin ƙasaita, ana sassauta runguma idan za a juya. Nuevo ta shekarun 1990 ta ƙara buɗe tazara. Ta gasar Turawa, mai fizgar kai, sai bayan tango ta tashi kan mutanen Faris wajen 1913 aka tsara ta a Ingila, kuma ɗan Ajantina da wuya ya yarda danginsu ɗaya.

Mai koyo ya nemi takalmi mai ƙasan fata, wanda zai juya a daɓe ba tare da ya murɗe masa gwiwa ba. Darasin farko tafiya ce: sauke nauyi duka a ƙafa ɗaya, sannan a saki ɗayar. Ba haddace taku ake yi ba. Mai ja da ƙirjinsa yake nuna hanya, mai bi ya jira ya ji kafin ya motsa. A da, maza da maza ke wannan atisaye tsakaninsu kafin su yi karambanin shiga taro.

Taron kuma, wato milonga, yana da ladubba. Ana zagaya fili saɓanin hannun agogo, ana sa waƙa uku ko huɗu a jere kafin a sake abokin rawa. Gayyata da ido ake yi daga nesa, a ɗan gyaɗa kai. Wadda ba ta so sai ta kau da kai kawai, ba wanda ya ji kunya a bainar jama'a.