Tsarin bayanan kasuwanci: kwas ɗin kwamfuta ne ko na 'yan kasuwa?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda masu cewa data ba ta barin su saurari murya.

Wata ƙanwarmu ce ta turo saƙo. Ta nemi kimiyyar kwamfuta a jami'a, sai aka ba ta tsarin bayanan kasuwanci, wanda wasu makarantu ke taƙaitawa BIS, wasu MIS. Baba ya ce ta karɓa kawai, ai duk kwamfuta ce. Yayanta kuma ya ce kwas ne na waɗanda lissafi ya kora, gara ta sake JAMB. Tana tambaya: ta zauna ko ta jira wata shekarar?

Shekara guda ba wasa ba ce, kuma ni kwas ɗin na karanta. Don haka ƙanwata, ki saurara. Da girmamawa ga Baba da Yaya, dukkansu ba su kama zancen daidai ba.

Mu shiga Kantin Kwari. Alhaji mai shadda yana da littafi uku: na kayan da suka shigo, na ciniki, na bashi. Yana da yaro mai rubutawa, yana da ƙa'idar wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Da yamma ya duba, ya san wace kala ce ke tafiya, wace ce ta kwanta, sannan ya yanke abin da zai sake saro. To wannan ɗin tsarin bayanai ne, ko babu kwamfuta. Mutane, ƙa'idar aiki, da rubutu. Kwas ɗin nan yana koya miki abin da za ki yi ranar da shagon Alhaji ya zama arba'in a jihohi shida, littafi ya kasa, kuma Alhaji yana son sanin gaskiyar abin da ke sito kafin ya tura kuɗi Chana.

Shekarun farko za ki sha akanta, tattalin arziki, ƙididdiga da ɗan rubuta manhaja. Kin ga zancen gudun lissafi ya faɗi ke nan. Daga baya sai rumbun bayanai da yaren SQL da ake yi masa tambaya da shi, sai tafiyar da aiki, sai tsaron bayanai da doka, kamar Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Akwai kuma ERP, wato babbar manhajar da ke haɗa saye, sito, ciniki, albashi da akanta wuri guda. Fitaccen mai yin ta shi ne SAP, kamfanin da tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a Jamus a 1972.

Sai darasin shugabanci. Wallahi a aji mun raina shi. Muna ganin surutu ne, a haddace a ci jarrabawa. Bari in ba ku labari biyu.

Lidl babban kamfanin kantuna ne na Jamus. A 2011 suka fara aikin sauya tsarin kula da kayansu zuwa manhajar SAP. Sai ga wani ɗan saɓani: Lidl ya saba ƙiyasta kayan sito da farashin da ya saro su, ita kuma manhajar an gina ta ne a kan farashin sayarwa. Abin kamar ƙarami ko? Kamfanin bai yarda ya canza al'adarsa ba, sai aka shiga lanƙwasa manhajar don ta bi shi. Ana lanƙwasawa, kuɗi na zuba, lokaci na tafiya. A 2018 suka haƙura, bayan an kashe kusan Yuro miliyan 500. Injiniyoyi ƙwararru suna nan birjik. Abin da ya gagara shi ne shawarar da shugabanni ne kaɗai za su iya yankewa: mu za mu canza, ko manhajar?

Na biyun nawa ne, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya.

A aji uku na je SIWES wani kamfanin rarraba sabulu da taliya a Kano. Manaja ya ce in haɗa musu Excel na kula da sito. Na yi sati uku a kai, na ƙawata shi, har da launuka. Bayan wata guda lissafi ya ƙi daidaita, katan-katan sun yi ɓatan dabo. Ni da rawar kan ɗan jami'a, na je na fara raɗa wa manaja cewa a sa ido a kan dattijon da ke kula da sito. Mutumin da ya girmi mahaifina.

Manajan bai yi faɗa ba. Ya ce gobe in zo ƙarfe shida na safe in tsaya bakin sito, kada in taɓa kwamfuta, in yi kallo kawai.

Ashe direbobi suna lodi tun kafin a tayar da janareta, Baba yana rubutawa a bayan kwali. Ashe kuma akwai tsofaffin kwastomomi da ke ɗaukar kaya a kan amana, su sayar da abin da ya sayu, bayan kwana biyu su dawo da sauran. Excel ɗina ba shi da gurbin kayan amana, ba shi da na kayan da aka dawo da su. Duk abin da ya fita, a wurina an sayar ke nan. Ko katan ɗaya bai ɓata ba. Ni ne na gina tsari ban tambayi mai aikin yadda yake aikinsa ba, kuma saura ƙiris in ɓata sunan bawan Allah.

Na ba Baba haƙuri. Ya yi dariya ya ce, “Yaro, ai da ka tambaye ni.” Muka zauna tare, shi yana faɗa ina gyarawa, kwana biyu muka gama. A aji sunan wannan nazarin tsari, mun yi masa zango guda, amma a bakin siton nan na gane shi. Abin da manajan ya yi kuma, ya hana ni zargi, ya kare ma'aikacinsa, bai kuma kunyata ni ba, shi ne darasin shugabancin da muke rainawa.

To ƙanwata, ga amsata. Idan abin da ke ranki shi ne ki kwana kina rubuta manhaja, ki shiga can cikin yadda kwamfuta ke aiki, kwas ɗin nan zai bar ki da ƙishirwa. Ki fara tambayar sashenku ko ana canjin kwas bayan aji ɗaya, kafin ki yi tunanin zaman gida. Amma idan kina jin daɗin zama da mai kasuwa ki fahimci matsalarsa, ki juya ki yi wa injiniya bayani da yaren da zai gane, ki zauna abinki. Bankuna, kamfanonin sadarwa, masu POS irin su Moniepoint da OPay, asibitoci, duk suna buƙatar mai tsayawa a wannan tsakiyar.

Gargaɗi ɗaya dai. Saboda kwas ɗin yana taɓa ko'ina, yana da sauƙi mutum ya fito ya san komai sama-sama, bai iya komai ba. Na ga abokai da haka ta same su. Ki riƙe Excel da SQL da kyau tun daga aji biyu, kada ki jira malami. Lokacin hutu kuma ki nemi shagon wani ɗan uwa, ko na kayan masarufi ne a unguwa, ki ce za ki taya su rubuta ciniki. Ki yi sati guda kina kallo kafin ki buɗe kwamfuta.

Waɗanda suka karanta kwas ɗin, ku faɗa mata yadda kuka same shi a makarantunku. Sai mun haɗu mako mai zuwa in sha Allah.