Jirgin ƙasa samfurin 103 na Japan

Samfurin 103 nau'in jirgin ƙasa ne mai amfani da wutar lantarki, wanda Hukumar Jiragen Ƙasa ta Japan, wato JNR, ta sa aka ƙera domin jigilar ma'aikata da ɗalibai a manyan birane irin su Tokyo da Osaka. An fitar da na gwaji a shekarar 1963, kuma daga nan zuwa 1984 an ƙera taragai 3,447. Babu wani samfurin jirgin lantarki a Japan da ya kai wannan yawa.

Asali

A ƙarshen shekarun 1950 cunkoson fasinjoji a Tokyo ya yi tsanani. A 1957 JNR ta fito da samfurin 101 a layin Chuo, da niyyar sa injin lantarki a kowane tarago don jirgin ya riƙa ɗaukar gudu da sauri, a samu damar ƙara yawan jirage a cikin awa ɗaya. Sai dai tashoshin da ke ba layin wuta ba su iya ɗaukar wannan nauyi ba. Dole aka riƙa haɗa taragai marasa inji a tsakani, abin da ya rage wa jirgin ƙarfi, ya kuma sa injinansa yin zafi a layukan da ake yawan tsayawa.

Daga wannan matsala aka tsara samfurin 103. Abin da ake nema shi ne jirgi mai arahar ƙerawa, wanda ba ya cin wuta da yawa, kuma zai yi aiki sosai ko da rabin taragansa ne kawai ke da inji.

Tsari

Kowane tarago tsawonsa mita 20 ne, an yi shi da ƙarfe, yana da ƙofofi huɗu a kowane gefe. Kujerun dogaye ne a jikin bango, don a bar tsakiya ga masu tsayuwa, waɗanda su ne mafi yawa da safe da yamma. Jirgin yana tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 1,067, yana jan wuta volt 1,500 daga wayar sama.

Injinsa, mai suna MT55, yana da ƙarfin kilowat 110, kuma an saita giyarsa ta yadda zai yi ƙarfi a lokacin tashi daga tasha. Iyakar gudunsa kilomita 100 a awa. Wannan ya dace da layin Yamanote da ke zagaye tsakiyar Tokyo, inda tashoshi ke kusa da juna, kuma a can ya fara aiki. An riƙa yi wa taragan fenti da launin layinsu: kore mai haske a Yamanote, shuɗi a Keihin-Tohoku, ruwan lemo a Chuo, rawaya a Sobu. Fasinja kan gane jirginsa tun daga nesa.

An fara gwada na'urar sanyaya taragai a 1970. Daga 1974 kuma aka ɗaga mazaunin direba sama a sababbin taragan gaba, don kare shi idan an yi karo.

Inda bai dace ba

Tun daga 1964 JNR ta fara tafka asara, kuma bashi ya ci gaba da taruwa. Samfuri ɗaya da ake ƙerawa da yawa ya fi sauƙin kuɗi da gyara da horar da ma'aikata, shi ya sa aka ci gaba da sayen 103 har shekara ashirin, ana tura shi kusan ko'ina. A layukan da tashoshi ke nesa da juna, kamar layin Joban mai sauri, jirgin da aka tsara don yawan tsayawa ya koma doguwar tafiya a kusa da iyakar gudunsa, injinansa na ta ƙara mai yawa.

Matsalar ta fi fitowa fili a ƙarƙashin ƙasa. Jirgin yana daidaita gudunsa ne da na'urorin da ke mayar da rarar wuta ta zama zafi. Da aka sa nau'in 103-1000 ya riƙa shiga layin Chiyoda na ƙarƙashin Tokyo daga 1971, zafin ya riƙa taruwa a cikin rami da taragai, ga cin wuta fiye da jiragen kamfanin da ke da layin. A shekarun 1980 aka maye gurbinsa da samfurin 203.

Bayan JNR

Da aka raba JNR zuwa kamfanoni a watan Afrilun 1987, taragan sun koma hannun JR East da JR Central da JR West da JR Kyushu. Samfurin 205 ya karɓi layin Yamanote gaba ɗaya a 1988, kuma JR East ta daina amfani da 103 a 2009. JR West kuwa ta zaɓi sabunta nata, shi ya sa suka daɗe a yankin Osaka, inda suka bar layin da ke zagaye birnin a watan Oktoban 2017.

A 2004 an kai taragai 16 Indonesiya, suka yi aiki a layukan birnin Jakarta da kewaye. Taragon gaba na farko, KuHa 103-1, yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na Kyoto.