Hannun da Bai Taka Kano Ba

Daga nan Auyo muke kawo muku shirin musamman na wannan mako.

Akwai wani zanen birnin Kano da kusan duk wanda ya buɗe littafin tarihi ya taɓa gani: an hango gari daga kan Dutsen Dala, gidajen ƙasa shimfiɗe har iya ganin ido, ga itatuwan dabino tsaitsaye. Yau ma yana yawo a Facebook, ana cewa ga Kano ta da. To, wanda ya zana shi bai taɓa taka Kano ba.

Sunansa Johann Martin Bernatz, Bajamushe mai zane da ya zauna a Munich. Wanda ya zo Kano shi ne Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim. Ya iso a watan Fabrairu na 1851, ya hau Dala, ya zayyana abin da ya gani a takarda. Wannan zayyana ce Bernatz ya karɓa ya ƙawata, aka buga a littafin tafiyar Barth mai juzu'i biyar a 1857 da 1858.

Yadda ake aikin buga irin wannan hoto abin sha'awa ne. Za a samu farin dutse a goge shi sumul, mai zane ya yi zanensa a kai da alli mai maiƙo, sannan a jiƙa dutsen da ruwa. Idan aka mulka tawada, sai ta kama inda maiƙo yake, ta ƙi wurin da ruwa ya taɓa. A ɗora takarda, a danne, hoto ya fito. Dutse ɗaya, ɗaruruwan hotuna.

Bernatz ya san rana da ƙurar Afirka, don ya yi tafiya ƙasar Habasha. Amma Habasha daban, Kano daban. Duk inda zayyanar Barth ta bar giɓi, hannun Bernatz ne ya cike shi, kuma a ganina ba laifi ba ne mu riƙa tuna wannan kafin mu rantse cewa haka garin yake.

Haka labarin yake da barden Shehun Borno sanye da sulke, da mahayin Bagarmi da dokinsa cikin lifidi. Wani matafiyi mai suna Denham ne ya zayyana su, Edward Finden ya sassaƙa su a farantin ƙarfe a Landan, suka fito a 1826. Shekara kusan ɗari biyu ke nan, amma har gobe idan za a nuna mayaƙin wancan zamani, su ake ɗaukowa.

Mu kuwa na bakin kogin Haɗejiya, matafiyan nan gewaye mu suka yi. Wani daga cikinsu, Clapperton, ya bi ta Katagum a 1824, Barth ya bi ta Gumel a 1851. Barth ya ji labarin Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda a lokacin ya juya wa Sakkwato baya ya hana maƙwabta sakat, har ya rubuta sunansa, amma bai shigo garin ba. Wanda ke son sanin Buhari sai ya nemi marubuta tarihi, ko ya zauna gaban makaɗan fada da tsofaffin Haɗejiya da Auyo.