Abin Da Ya Haɗa Hanci Da Ciwon Sikila

A Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, akan sami wa da ƙane duka masu amosanin jini, watau sikila, amma ɗaya kullum yana hanyar asibiti, ɗayan kuwa sai ya yi wata da watanni garau. Iyaye kan rasa dalili. To, masana sun bi sawun al'amarin, har sawu ya kai su wurin da ba a zata ba, watau ƙwayoyin gado masu sa mutum jin ƙanshi da wari.

A 1991, shekarar da aka kafa Jihar Taraba, wasu masana biyu na Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano waɗannan ƙwayoyi, aka ba su lambar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da wajen 400 masu aiki. Abin mamaki, wasu daga cikinsu suna jere ne maƙwabtan ƙwayar da ke sarrafa himogulobin, sinadarin nan mai ɗaukar iska a jini, wanda lalacewarsa ce ke haifar da sikila.

Jariri yakan zo duniya da wani irin himogulobin na daban wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa, shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai bayan kamar wata shida, sa'ad da ya ragu. Wanda ragowarsa ta yi yawa a jikinsa, ciwonsa kan zo da sauƙi. A 2010 masana a Boston suka binciki ɗaruruwan masu sikila, suka ga yawan wannan ragowa yana da alaƙa da yankin ƙwayoyin jin ƙanshi biyu, OR51B5 da OR51B6.

Kada dai a ɗauka hanci ke warkar da sikila. Mai yiwuwa maƙwabtaka ce kawai ta jawo alaƙar, kuma wata ƙwaya daban, BCL11A, ita ce aka fi tabbatar da tasirinta.

Maganar ta shafi Nijeriya ƙwarai, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gadon ciwon, kuma akan haifi jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara. Maganin hydroxyurea da likitoci ke ba masu sikila, babban aikinsa shi ne ƙara wannan himogulobin na jarirai.