Fumfunar da ke zaune cikin ciyawa

Kowa ya san fumfuna, wadda ke hawa tuwon da ya kwana biyu ko hatsin da ya sha raɓa cikin rumbu. Mun saba ganinta a matsayin ɓarna. To, akwai wata iri da ke zaune cikin jikin ciyawa mai rai, ciyawar kuwa lafiyarta lau. Masana suna kiranta Epikulowe.

Labarin daga Amurka ya taso. A 1931 wani malamin gona ya ga wata ciyawa a jihar Kentaki, kore shar cikin sanyi, ba ta jin fari, ba ta jin kiwo. Aka yaɗa irinta, aka sa mata suna Kentaki 31, manoma suka shibka ta ko'ina. Amma shanun da ke cinta ba su yin ƙiba, nono ya ragu, da zafin rana sai su shige ruwa su tsaya, wasu har kofato da bakin wutsiya su lalace. Sai a 1977 aka gano mai laifin: fumfuna ce a ɓoye, tana yin dafin da ke matse jijiyoyin jini. A 1981 mutanen Niyu Zilan suka gano wata ƴar'uwarta ce ke sa tumakinsu tangaɗi.

Zarenta siriri ne, ido ba ya ganinsa. Yana bi tsakanin ƙwayoyin jikin ciyawar, a gindin ganye da kara, ba ya huda su, ba ya sauka cikin saiwa. In ciyawa ta yi ƴaƴa, fumfunar ta shige cikin irin. Dangi ɗaya suke da cutar nan da ke sa zangarniyar hatsinmu tsiyayar ruwa mai danƙo kamar zuma, sai dai ita wannan ta koyi zaman lafiya da mai masaukinta.

Da aka gane haka, sai aka fitar da iri marar fumfuna. Shanu suka warke, ciyawa kuwa ta kasa: fari da ƙwari suka cinye ta cikin ƴan shekaru. Me ya sa?

Ga inda zancen yake. Kowace shibka tana da ƙwayoyin gado dubbai, waɗanda ta gada daga iri. Ku ɗauke su kamar ƴan aikin gandu: ba duka ke fita aiki lokaci guda ba, ana tada wasu, wasu na kwance. Fumfunar ba ta ƙara wa ciyawa ɗan aiki ko ɗaya ba. Abin da take canzawa shi ne wa za a tada, wa za a bari. A 2015 masana na jami'ar Masi, a Niyu Zilan, sun gwada ciyawar kiwonsu mai fumfuna da marar ita. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin gadon sun canza yawan aikinsu. Masu haɗa abinci da hasken rana sun lafa. Masu harhaɗa magungunan kare kai sun tashi, haka ma an taɓa masu gina bangon ƙwayoyin jiki da gashin ganye. Wato ciyawar ta rage neman girma, ta ƙara shirin wahala. A ciyawar Kentaki kuwa, da aka auna, canjin kaɗan ne. Kada mu ce duk ciyawa ɗaya ce.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki gwajin 2006 ne. A jami'ar nan dai, an kashe ƙwayar gado guda tak ta fumfunar, mai tsare ta daga yaɗuwa barkatai. Sai ta cika jikin ciyawar, ciyawar ta tsumbure, ta tsufa tun da wuri. Baƙon kirki ya koma cuta saboda abu ɗaya.

Yau a ƙasashen nan ana sayar da iri mai ɗauke da fumfunar da aka zaɓo, wadda ke korar ƙwari ba ta cutar da dabba. Ajiyarsa ce ke da wuya: in zafi da laima suka yi yawa, fumfunar kan mutu cikin buhu tun irin bai mutu ba, manomi ya shibka ciyawa ba mai tsaronta.