Ladabin Wasiƙar Turanci

Hausawa sun ce in ka je gari ka iske kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Wannan magana ta shafi kowane akawu da kowane malamin makaranta wanda aiki kan sa shi ya rubuta wasiƙa da Turanci. Bisa ga abin da mu ke gani, yawancin wasiƙun da kan ɓaci ba ƙarancin nahawu ke ɓata su ba. Mutum ne kan ɗauki ladabin Hausa ya sa masa rigar Turanci, sai abin ya fito ba Hausa ba Turanci.

A wurinmu girmamawa tana cikin gaisuwa. Tun zamanin da sarakuna ke aika wa juna takardu da Larabci, sai an gabatar da sallama da addu'a kafin a ce "bayan haka". Har yau wanda ya rubuta wa wansa bai tambayi lafiyar iyali ba, sai a ce ba shi da tarbiyya. Amma wasiƙar aiki ta Turanci, girmamawarta tana cikin taƙaitawa. Wanda za ya karanta ta yana da takardu jibge a gabansa, saboda haka wanda ya faɗi bukatarsa tun a layin farko shi ne ya ga girmansa.

To, ga yadda a ke shirya ta. Adireshin mai rubutu da kwanan wata su ke fara zuwa, sa'an nan muƙami da adireshin wanda a ke rubuta wa, sa'an nan gaisuwa, sai kan magana a layi guda. In amsa ce, lalle a ambaci lambar wasiƙar da a ke amsawa da kwananta, don akawun can ya san fayil ɗin da za ya jawo. Magana ɗaya, wasiƙa ɗaya. Wanda ya gama neman hutu da ƙarar rufin aji mai yoyo a takarda guda, ɗayansu za ta kwana a fayil ɗin da ba nata ba. Wajen kwanan wata kuwa, a rubuta sunan watan sosai, domin 3/4 a Ingila da Nijeriya 3 ga Afrilu ke nan, amma a Amurka 4 ga Maris ne.

Gaisuwar farko da sallamar ƙarshe kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tare su ke tafiya. A al'adar Ingila in ka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam", watau ba ka ambaci suna ba, sai ka rufe da "Yours faithfully". In kuwa ka kira sunan mutum, to, "Yours sincerely" ke nan. A lura kuma da sarautar "Sir" wadda Sarkin Ingila kan bayar, da sunan yanka ta ke tafiya. Da Sarauniya ta ba Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa wannan girma a 1960, "Dear Sir Abubakar" a ke rubuta masa. Wanda ya ce "Sir Balewa" ya yi kure.

Waɗansu suna tsammani Turancin ofis sai da manyan kalmomi. Gaskiya ne a zamanin mulkin Turawa a kan rufe wasiƙar gwamnati da cewa mai rubutu bara ne mai biyayya, a kuma cika ta da "inst." da "ult." da "prox.", watau wannan wata, da watan jiya, da watan gobe. Amma masu harshen da kansu sun daɗe da gajiya da wannan. Baitulmalin Ingila ya roƙi Sir Ernest Gowers, wani babban ma'aikacin gwamnati, ya rubuta wa ma'aikata jagora. Littafinsa, Plain Words, ya fito a 1948, aka faɗaɗa shi a 1954, kuma gargaɗinsa duka a kan sauƙaƙe magana ne. Ashe kuwa bai kamata mu riƙe abin da masu shi suka yar ba.

Inda wannan ya fi ciwo shi ne takardar neman aiki. Sau da yawa yaro mai ƙoƙari kan cika shafi da roƙo, yana faɗin tsufan iyayensa da yawan ƙannensa, ya manta da faɗin abin da ya iya. Mai ɗaukar ma'aikata kuwa abu uku ya ke nema: wane aiki ka ke so, wace takardar shaida gare ka da shekarar da ka same ta, kuma ina ka taɓa aiki. Tausayi ba ya cike gurbin waɗannan.

Wasiƙun zumunci su ma da nasu tsari. Katin gayyata na babban taro ba ya cewa "ni" ko "kai". Ya kan ce wane yana gayyatar wane, amsa kuma haka a ke mai da ita, ba a sa hannu. Haruffan nan R.S.V.P. daga Faransanci su ke, ma'anarsu a daure a ba da amsa. Mu bikinmu na kowa ne, tukunya ba ta ƙidayar baƙi. Su kuwa kujera da faranti a lissafe su ke, don haka yin shiru rashin ladabi ne, ko da mutum ba za ya je ba. Wasiƙar ta'aziyya kuma an fi so a rubuta ta da hannu, gajeriya, a ambaci wani halin kirki na mamacin, kada a gama ta da zancen aiki.

Tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, har zuwa yau da saƙo ke tafiya ta intanet cikin ƙiftawar ido, abu guda bai sāke ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka adana. Wasiƙar akawu da sunan ofishinsa ta ke magana, kuma ana iya jawo ta bayan shekara 10 ta zama shaida a kansa ko a gare shi. Saboda haka muna roƙon akawuna su riƙa sāke karanta kowace takarda kafin a kai ta sa hannu. Malamai kuma su riƙa sa almajiransu rubuta wasiƙa ɗaya da Hausa, sa'an nan su mai da ita Turanci, don su ga inda ladabin nan biyu suka rabu. Allah ya sa mu dace, amin.